Yumɓu da gubar ƙarfe a ruwan sha: tarihin wata dabara da kalmomin da ake faɗarta da su

Gabatarwa

A ƴan shekarun nan bincike ya yawaita a jami'o'in Afirka a kan yadda ake cire dalma, kadmiyom da makamantansu daga ruwa ta hanyar amfani da yumɓun gida. Aikin masana kimiyya ne, kuma da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta shi. Namu aikin yana farawa ne a ranar da aka ce a mayar da sakamakon cikin Hausa, don rediyon karkara ko littattafan yaƙi da jahilci. A nan jumla ɗaya ce take zuwa baki da sauƙi: «yumɓu yana tace gurɓataccen ruwa». Jumlar ba ƙarya ba ce, amma muna ganin tana da haɗari, domin ta haɗe sani iri biyu da tarihinsu ya bambanta. Na farko tsohon sani ne na ƙauye, wanda ido yake iya tabbatarwa. Na biyu an fara shi ne a 1850, kuma ido ba shi da ta cewa a cikinsa. Wannan ƙasida za ta bi sawun kowannensu.

Abin da kalmomin suke ɗauke da shi

Asalin ma'anar gurɓata ita ce a motsa ruwa har laka ta taso, kamar yadda shanu suke yi wa tabki. Daga baya ne ƴan jarida da masu fassara suka ɗora mata nauyin kalmar Faransanci «pollution». To amma tsohuwar ma'anar ba ta tafi ko'ina ba: ga mai sauraro, gurɓataccen ruwa shi ne wanda aka ga ya yi duhu, kishiyarsa kuwa ruwan da ya kwanta ya yi garau. Ruwan da yake ɗauke da dalma ninki ɗari bisa ƙa'ida yana iya zama garau, ba wari, ba ɗanɗano.

Haka narke. Faransanci ya raba «fondre» da «se dissoudre», Hausa kuwa ta haɗa su: gishiri ya narke a ruwa, dalma ta narke a wuta. Duk wanda ya taɓa ganin maƙeri yana zuba dalma ya san ba ta narkewa a ruwan sanyi, saboda haka in aka ce masa akwai narkakkar dalma a rijiyarsa yana da hujjar yin shakka. Ita ma «ƙarafa masu nauyi» kwafi ce kai tsaye daga «métaux lourds». Ƙarfe a Hausa abu ne mai tauri da ake ƙerawa, alhali zaiba ruwa-ruwa ce, arsanik kuwa ko a wajen masana ba cikakken ƙarfe ba ne. Su kansu masu kimiyyar ba su gamsu da sunan ba: a 2002 John Duffus ya rubuta wa ƙungiyar masana sinadarai ta duniya (IUPAC) rahoto yana nuna cewa kalmar ba ta da ma'ana tsayayya. A nan za mu riƙa cewa ƙarafa masu guba.

Tsohon sani

Kwantar da ruwa da yumɓu daɗaɗɗiyar al'ada ce. Wadda ta fi kowa rubuta ta ita ce Samia Al Azharia Jahn, da ta yi shekaru tana bincike a ƙauyukan Sudan, kuma hukumar haɗin gwiwa ta Jamus (GTZ) ta buga littafinta a 1981. A lokacin da kogin Nilu ya cika ya yi jajir da laka, matan ƙauye sukan jiƙa wani yumɓu da suke kira rauwaq, wato mai sa ruwa ya yi garau, su dama shi cikin randa, su jira. Sai ƙurar lakar ta dunƙule ta sauka ƙasa. Wasu kuma ƙwayar zogale suke dakawa su zuba, abin da mu ma muka sani tare da alif. Wannan sani ne na gaske, kuma yana rage ƙwayoyin cuta, tunda da yawansu suna sauka tare da lakar. Ma'auninsa dai ido ne.

Akwai kuma wani reshe na tsohon sanin da ya fi kusa da zancenmu: yumɓu a matsayin makarin guba. Tun zamanin Girkawa da Romawa ake haƙo wata ƙasa a tsibirin Lemnos, a mulmula ta ƙanana, a buga mata hatimi, a sayar da ita magani. Likita Galien ya je tsibirin da kansa don ya ga yadda ake yi. A ƙarni na 16 aka samo irinta a Silesiya, kuma a 1581, a ƙasar Hohenlohe ta Jamus, aka gwada ta a kan wani ɓarawo da aka yanke wa hukuncin kisa. An ba shi gubar zaiba, aka biyo da yumɓun, bisa sharaɗin in ya rayu a sake shi. Ya sha wuya, ya rayu. Gwaji ɗaya a kan mutum ɗaya ba ya tabbatar da komai, balle ma mai sayar da maganin yana da riba a cikin labarin. Abin lura kawai shi ne mutanen wancan zamani sun riga sun yi zaton yumɓu yana kama guba, ko da yake ba su da hanyar auna abin da ya kama.

Shekarar 1850

Abin mamaki, ba neman ruwan sha ne ya buɗe ƙofar ba, taki ne. Wani mai gonaki a Yorkshire ta Ingila, H. S. Thompson, yana son ya san ko ruwan sama yana wanke amoniyar taki daga gona. A 1845, tare da wani mai haɗa magunguna na birnin York mai suna Joseph Spence, suka cika bututu da ƙasar gona, suka zuba ruwan da aka narkar da gishirin amoniya a ciki. Ruwan da ya fito ta ƙasa babu amoniya sosai a cikinsa, sai kalsiyom da ba su zuba ba. Ƙasar ta karɓi wani abu ta ba da wani: ba ni gishiri in ba ka manda.

Thompson ya buga sakamakon a 1850. A wannan shekara, da kuma 1852, J. Thomas Way, masanin sinadarai na ƙungiyar manoma ta masarautar Ingila, ya fitar da nasa binciken mai zurfi. Ya nuna cewa musayar tana tafiya bisa ma'auni daidai wa daida, cewa ƙasa ta fi son wasu sinadarai bisa wasu, cewa ikon yana cikin ɓangaren yumɓu ne ba cikin rairayi ba, kuma cewa in aka gasa ƙasar da wuta mai ƙarfi ikon yana lalacewa. Mai karatu ya riƙe wannan na ƙarshe, za mu dawo kansa. Babban malamin kimiyyar noma na lokacin, Justus von Liebig, da farko ƙin yarda ya yi. Wannan shi ne abin da ake kira «échange d'ions», mu kuma za mu ce musayar iyon.

Dalilin musayar bai bayyana ba sai bayan shekara 80. A 1930 Hendricks da Fry a Amurka suka haska yumɓun ƙasa da hasken X, suka gano cewa ba dunƙulen laka ba ne marar tsari, yana da gini na ƙa'ida. A shekarar ce Linus Pauling ya bayyana tsarin ma'adanai masu falle-falle, sannan a 1933 Hofmann, Endell da Wilm a Jamus suka fayyace na yumɓu mai kumbura. Ƙwayar yumɓu ba ta kai mikron 2 ba, kuma an gina ta ne da fallaye kamar takardun littafi. A cikin fallen, wani atom yakan zauna a gurbin wani, misali magneziyom a gurbin aluminiyom, sai fallen ya kasance da cajin lantarki mai alamar ragi (−). Wannan caji ne yake jawo iyon masu alamar ƙari (+), irin su kalsiyom da sodiyom, su zauna a fuskarsa da tsakanin fallaye. In dalma ta zo cikin ruwa, ita ma mai alamar ƙari ce, sai ta ture su ta zauna.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sunayen nan bai tsaya ba, don yawancinsu sunayen wurare ne. Kawolin daga Gaoling yake, wani tudu kusa da Jingdezhen a ƙasar Sin, kuma wasiƙun wani limamin Katolika Bafaranshe, d'Entrecolles, na 1712 da 1722 ne suka kai kalmar Turai. Monmoriyonit an raɗa masa suna a 1847 daga garin Montmorillon na Faransa. Bantonit kuwa Wilbur Knight ne ya sa masa suna a 1898, daga duwatsun da ake dangantawa da Fort Benton a Amurka. Atapuljit daga Attapulgus ne, a jahar Jojiya. Wato kimiyya ta yi abin da maginan tukwane suke yi, waɗanda suke kiran yumɓu da sunan ramin da aka haƙo shi. Bambancin shi ne ta tafi da sunan ko'ina: rauwaq ɗin matan Sudan, da aka auna shi, bantonit ne.

Sunayen ba ado ba ne, domin ƙarfin riƙon ya sha bamban. A ma'aunin da Ralph Grim ya tattara a littafinsa na 1953, giram 100 na kawolinit yana musayar miliekibalan 3 zuwa 15, na monmoriyonit kuwa 80 zuwa 150. In muka yi lissafi da nauyin dalma, giram ɗaya na monmoriyonit mai kyau zai iya riƙe wajen miligiram 100, kawolinit kuwa wajen 10. Wannan iyaka ce ta kan takarda. Duk da haka ta isa ta nuna cewa kalmar yumɓu ita kaɗai ba ta gaya mana komai ba tukuna.

Yadda aka bar yumɓu, da yadda aka dawo masa

Masana'antu ba su daɗe a kan ƙasar gona ba. A 1905 Robert Gans a Jamus ya ƙera ma'adinin musaya na roƙo don rage taurin ruwa, a 1935 kuma Adams da Holmes a Ingila suka ƙirƙiro ƙaron roba mai yin wannan aiki, wanda ake wankewa a sake amfani da shi. Ruwan da masana'antu suke zubarwa kuwa, hanyar da aka fi bi ita ce a zuba masa farar ƙasa ta gini, wato «chaux», ƙarfen ya koma gari ya kwanta. Inda yumɓu ya ci gaba da aiki sosai shi ne tsarewa: ana shimfiɗa bantonit a ƙarƙashin juji da ramukan sharar masana'antu don kada ruwan guba ya sauka ga ruwan ƙasa.

Masifu ne suka sa duniya ta juyo ga ƙarafa masu guba. A Minamata ta Japon an gano cutar a 1956, daga zaibar da wani kamfanin sinadarai yake zubarwa a teku, ta shiga kifi, ta shiga mutane. Gwamnati ba ta amince da dalilin ba sai 1968, shekarar da ta amince kuma cewa kadmiyom ɗin mahaƙar Kamioka, da kogin Jinzu ya kai gonakin shinkafa, shi ne sanadin cutar itai-itai. Daga nan ƙa'idoji suka yi ta tsananta. Hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta sa iyakar dalma a mikrogiram 50 cikin lita a 1984, ta sauko da ita zuwa 10 a 1993. Ƙasashe marasa hali ba su iya sayen ƙaron roba, sai masu bincike suka koma neman abin da yake arha: ɓawon shinkafa, gawayi, garin katako, da yumɓu. A 1999 Bailey da abokan aikinsa sun riga sun sami isassun ayyuka har suka tattara su a nazari guda a mujallar Water Research.

A ganinmu, raunin yawancin waɗannan ayyuka iri ɗaya ne. Ana ɗaukar ruwan ɗakin bincike da babu komai cikinsa, a zuba masa dalma miligiram 50 ko 100 a lita, a kaɗa da yumɓu, a sami kashi 90 cikin ɗari ya fita. Sakamakon yana da daɗin ji. Amma in an fara da miligiram 50, abin da ya saura 5 ne, wato ninki 500 na iyakar OMS. Ruwan rijiya kuma ba fanko yake ba: yana da kalsiyom da magneziyom da suke takara da dalma a kan gurabe ɗaya. In ruwan ya yi tsami, yumɓun yana sakin abin da ya riƙe. Ga kuma wahalar aiki: yumɓun da ya fi riƙo shi ne mai kumbura, mai kumbura kuwa yana toshe hanyar ruwa. Halin da ya sa bantonit ya zama shimfiɗa mai kyau a ƙarƙashin juji shi ne ya hana shi zama matacin gida.

Sannan ba kowace guba ce mai alamar ƙari ba. Arsanik a ruwa, da kuromiyom mai daraja shida, ba sa zuwa da cajin da fuskar yumɓu take jawowa. Shi ya sa a Bangaladash, inda arsanik ya shiga miliyoyin rijiyoyi, matacin da ya yi suna, wanda Abul Hussam ya karɓi lambar yabo a kansa a 2007, da baƙin ƙarfe yake aiki. A yankinmu abin da ya fi kama da wannan shi ne marmara, saboda tsatsar ƙarfen da take cikinta.

A ƙasar Hausa

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a jahar Zamfara ta Najeriya, maƙwabciyar jahar Maraɗi. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana cike da dalma, kuma a cikin gidaje ake daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙa. Yara aƙalla 400 suka rasu. Tabkunan da ake wankin zinariya sun ɗauki guba, amma babbar hanyar da ta shiga jikin yara ita ce ƙura da ƙasar tsakar gida. Magani ma ta nan aka bi: an kankare ƙasar gidaje a Dareta, Ƴargalma, Abare da sauransu, aka binne ta nesa, aka zubo sabuwa, sannan aka ba yaran maganin da yake fitar da dalma daga jini. Bagega sai 2013 aka share ta. Wannan labari yana nuna ɗaya fuskar abin da Way ya gano. Ƙasa tana riƙe dalma shekara da shekaru, kuma ruwan tsamin da yake cikin tumbin yaro yana sa ta saki.

Saboda wannan dalili ne hukumar kula da abinci ta Birtaniya a 2002, da ta Amurka a 2009, suka gargaɗi mata masu ciki game da yumɓun ci da ake kai musu daga Afirka ta Yamma, wanda Inyamurai suke kira nzu, bayan an sami dalma a cikinsa. Cin farar ƙasa sananne ne a wajen matanmu, don haka duk saƙon da zai nuna yumɓu a matsayin makarin guba sai an auna shi sau biyu kafin a sake shi a rediyo.

A Nijar, abin da ya faru a Tibirin Gobir ba na ƙarfe ba ne, amma darasin harshen ɗaya ne. Rijiyar zamani da aka haƙa a 1985 ta ba garin ruwa garau, mai filiyor fiye da iyakar OMS ta miligiram 1,5 a lita. Sai da ƙafafun ɗaruruwan yara suka lanƙwashe, haƙoransu suka rine, sannan wajen shekara ta 2000 aka tabbatar da dalili, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a 2002. A ma'anar Hausa ta asali, ruwan Tibiri bai taɓa gurɓata ba. Filiyor kuma mai alamar ragi ne, saboda haka musayar da muka bayyana ba ta kama shi.

Haɗarin ƙarfe kuwa yana matsowa tare da zinariya: Liptako tun shekarun 1980, Jado da Cibarakaten a 2014, Ɗan Isa kusa da Maraɗi a 2021. Wankin zinariya na gargajiya a Sahel ya dogara da zaiba da siyanir. A ƙetaren iyaka, majemun zamani na Kano suna jima da kuromiyom, ba da bagaruwa ba irin ta majeman gargajiya, kuma ruwansu ya daɗe yana sauka kogin Calawa. Irin waɗannan wurare, inda gubar take da yawa kuma take fitowa ta bakin magudana ɗaya, su ne yumɓu zai fi amfani a cikinsu: a shimfiɗa shi a ramin wanki, a tsare ruwan kafin ya kai tabki ko rijiya. Kayan aikin ma akwai. Yawancin ƙasar tudu a yankinmu kawolinit ce mai raunin riƙo, amma baƙar lakar yankin tabkin Cadi, wadda ake kira firki, mai kumbura ce, kuma masana duwatsu sun daɗe da nuna atapuljit a shimfiɗun Adar Dutsi. Senegal tana haƙar irinsa kusa da Thiès tana fitarwa waje.

Saura randa. Sau da yawa ana jin cewa tunda da yumɓu aka gina ta, tana tsabtace ruwan da aka zuba mata. Randar Mirya ko ta Jiratawa tana sanyaya ruwa, tana ba laka lokacin kwanciya. Amma an gasa ta, kuma tun 1850 aka san abin da wuta take yi wa ikon musaya: kawolinit yana rasa tsarinsa tun wajen digiri 550. Haka tukunyar tacewa da Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatemala a 1981, wadda ta bazu a ƙasashe da dama. Ƙananan kafofinta suna tare ƙwayoyin cuta, ba a yi ta don narkakken ƙarfe ba.

Don haka shawararmu ga masu fassara ita ce a ware fi'ilai uku. A bar kwantar da ruwa ga aikin rauwaq, zogale da alif. A bar tace ga ƙyalle, rairayi da tukunyar tacewa, wato duk abin da yake tare datti saboda girmansa. Ga aikin ɗanyen yumɓu a kan dalma kuwa a ce riƙe, ba shanye ko kashe ba, domin riƙe tana tafiya da saki, kuma mai sauraro zai tambaya da kansa: ina za a kai yumɓun bayan ya ƙoshi? Amsar tana cikin abin da aka yi a Zamfara: rami mai nisa da rijiya, a binne, a sa alama, kada ya koma ramin magina tukwane ko kwaɓin ginin ɗaki. Ga «pollution» ta ƙarfe kuma, mun fi son a ce ruwa mai ɓoyayyar guba, a riƙa haɗa shi da bayanin cewa awo a ɗakin bincike ne kaɗai yake nuna ta, kafin a zuba yumɓu da kuma bayan an zuba.